Duban Ƙafa a Dajin Karasuwa

Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin mutane suna cewa ubanku ya goya kakanku a baya, ya yi tafiya da shi cikin rana har bakin mota. Na ɗauke shi, wannan gaskiya ne, sai dai a kafaɗa ne ba a baya ba, yadda sojoji suka koya mana. Amma wannan ƙarshen zancen ne, kuma mutane ƙarshen suke so domin ya fi daɗin faɗi a zaman makoki. Ni da nake wurin tun farko, farkon zan ba ku. Na tsufa, hannuna yana rawa in na riƙe biro, ba ni da sauran ƙarfin gyara magana don ta yi kyau.

Kun san daga Katuzu na fito, ɗan fadama ne ni, ban san komai ba sai ban ruwa da korar tsuntsu daga shinkafa. Da na samu aikin lebura a sashen ruwa a Gashua, a hannun kakanku aka danƙa ni, Malam Bukar, mutumin Nguru, babban bakaniken rijiyoyin burtsatse. Mutum ne mara yawan magana. Yakan kara kunnensa a jikin bututu, ya yi shiru, sannan ya faɗa maka abin da ya lalace a ƙarƙashin ƙasa, kuma in an zaro sai ka tarar haka ɗin ne. Shi ya koya mini riƙe sifana, shi ya make mini hannu ranar da na ɗaure ƙusa a karkace. A lokacin in mun fita daji kwano ɗaya muke ci, har yakan tsokane ni wai mu mutanen bakin kogi in ba kifi a miya sai mu yi ta kuka. Daga baya ya ba ni 'yarsa Falmata, mahaifiyarku, kuma daga ranar da aka shafa fatiha komai ya canza tsakaninmu. Na daina cin abinci a gabansa, na daina kama sunansa, Baba kawai nake cewa. In zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa, idona a ƙasa. A wurin aiki in yana ba ni umarni injin yake kallo, ni ma injin nake ba amsa. Shi kuma bai sake kiran sunana ba, sai dai ya ce Ɗan Katuzu. Ku yaran yanzu da kuke zama da surukanku a kujera ɗaya kuna kallon waya ɗaya za ku ce wahala ce. Mu ba mu ɗauke ta wahala ba, har alfahari muke yi da ita. Shekara goma sha huɗu muka yi a haka.

Sai shekarun tashin hankalin nan suka zo. Ƙauyukan da muke zuwa gyara da a-kori-kura ɗaya da buhun gari suka zama ba a shigarsu sai da rakiyar sojoji. Aka kawo doka cewa duk ma'aikacin da zai riƙa bin rakiya, ko direba ne, ko mai allurar rigakafi, ko mu masu gyaran rijiya, sai ya yi kwana goma yana karɓar horo a daji. Wanda bai gama ba, ko aka ga jikinsa ba zai ɗauka ba, a ofis zai zauna. Baba saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, ba wanda ya ce lallai sai ya je. Shi da kansa ya sa aka rubuta sunansa, ya ce rijiyoyin nan shi ya san halin kowace ɗaya, ba zai zauna yana gadin takarda ba mutane suna shan ruwan kududdufi.

Ranar da za mu tafi, mahaifiyarku tana ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dabino a leda ta ce:

"Ka hana Baba tafiyar nan mana. Kwanan nan ko tuwo ba ya iya gamawa."

Na ce, "Ni? Da wane bakin?"

Ta ƙulle ledar, sannan ta ce, "To ka sa masa ido. Kai ne nawa a can."

Na ce mata in Allah ya yarda, na ɗauki jakata na fita.

An kai mu wani fili ne a dajin Karasuwa, tsakanin Gashua da Nguru, ba komai sai yashi da goruba da ƙaya. Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Aka raba mana takalman soja masu igiya har ƙwauri, da safa, da gorar ruwa. Ku dubi mutanen da duk rayuwarsu silifas suka sani an sa musu wannan kaya a ƙafa. Tafiya muke yi kamar an ɗaura mana turmi. Mai koyar da mu wani Saje ne, baƙi, gajere, Hausarsa ta bariki ce, ko sunan mutum ba ya iya faɗa daidai, amma wallahi bai taɓa zagin kowa ba. Ya koya mana in an busa usur sau ɗaya mu zube a ƙasa ko da kan ƙaya ne. Ya koya mana dirowa daga mota tana tafiya a hankali, da jan ciki, da haƙa ramin da zai ɓoye mutum, da bin sawun na gabanka ba tare da ka taka gefe ba. Ya nuna mana yadda ake ɗaure hannu ko cinya da bel don tsayar da jini, da yadda ake saɓa mutum a kafaɗa in ya kasa tafiya. Direbanmu Modu, mai tumbi da surutu, ranar farko da ya zube sai da mutum biyu suka taimaka ya tashi. Mun yi dariya a ranar, har Baba na ji ya yi.

Da safiyar kwana na biyu Saje ya jera mu, ya ce kowa da wanda ke tsaye a damansa sun zama abokan juna har a gama horo. Na waiga dama, sai na ga gefen rigar Baba. Gabana ya faɗi, tun ma kafin in ji mene ne aikin abokin. Saje ya yi bayani. Kullum bayan sallar asuba kowa zai tuɓe takalmi da safa, abokinsa ya durƙusa ya duba masa ƙafa: tafin, da dunduniya, da tsakanin yatsu. Ya danna masa ƙwauri da babban yatsa ya ga ko wurin zai lotsa. Ya tambaye shi ko ya yi fitsari, kuma wane launi ne. Sannan ya miƙe ya ba da rahoto da babbar murya. Ya ce a daji mutum ba ya faɗin ciwonsa, ƙarya yake yi saboda kada a raina shi, shi ya sa aka ɗora wa wani alhakin faɗa.

Modu ya fashe da dariya ya ce, "Saje, akwai matsala. Wannan surukin wannan ne. Ko inuwarsa ba ya takawa, balle ya tambaye shi fitsari."

Saje ya dube mu ya ce, "Haka ne? In akwai wahala in canza ku yanzu."

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa, "A bar mu. Ɗana ne, ya fi kowa sanina."

Me zan ce bayan wannan? In na nemi a canza ni, a gaban mutane na ƙi surukina ke nan. Na amince, har ma na ji daɗi a raina da ya kira ni ɗansa.

Ga yadda muka riƙa yi. In an ce a duba, sai in durƙusa a gabansa kamar zan gaishe shi, shi kuma ya saki ƙafar wandonsa ta rufe har yatsu. In kafa idona a yashi, in kai hannu kusa ba tare da na taɓa ba, in ƙirga kamar goma a zuciya, in miƙe in ce, "Lafiya lau, Saje." Shi ma in nawa ya zo ya kalli goruba ya ce lafiya. Mu ashirin da wani abu ne, Saje ɗaya, ba zai bi kowa ya gani ba, kuma ya yarda da mu don mu ne manya a wurin. Wasu an kama musu kumburin takalmi an sa magani, wani mai allura ma an mayar da shi gida saboda gyambo. Mu kullum lafiya lau. Har zuwa kwana na huɗu zan iya rantse muku ban ga komai ba, domin ban duba ba.

Amma ina lura da wasu abubuwa, tunda ido ba ya tambayar izini. Baba da ke riga kowa tashi ya koma shi ne na ƙarshe a layi. In mun yi jan ciki sai ya daɗe a kwance kafin ya ɗago. Abincinsa Modu yake tura wa. Na ce wa kaina shekaru ne, da zafi, da takalmin da bai saba ba.

Ranar kwana na biyar, da azahar, na zagaya bayan tankar ruwa zan cika buta. Ban san Baba yana wurin ba. Yana zaune a kan wani dutse yana alwala, ya naɗe wando har gwiwa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, ba a ganin idon sawu, fatar tana ƙyalli. Inda bakin safa ya kama ya bar rami zagaye, kuma ramin bai cike ba. Takalmansa suna gefe, ya tsaga su da wuƙa ta ciki daga sama har ƙasa don ƙafar ta shiga. Duk wanda ya zauna a Gashua ya san wannan kumburin. Mun kai maƙwabta asibiti da shi, mun raka wasu makwancinsu. Ba sai likita ya ce mini ƙoda ba.

Ya ɗago, muka haɗa ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. A hankali ya sauke ƙafar wandon, ya ci gaba da shafar kai. Ni kuma na juya da butata ba ruwa.

Yinin nan ban san abin da aka koyar ba. Ina ta jujjuya abin a raina. In na faɗa, za a tuɓe masa takalmi a gaban yaran da ya haifi kamarsu, a danna masa ƙwauri, a tambaye shi fitsarinsa, a sa shi a mota a mayar da shi gida, kuma kowa ya san bakin surukinsa ne ya jawo. In ban faɗa ba, jibi akwai doguwar tafiyar ƙafa da Saje ya daɗe yana ambata, daga sansani zuwa wani tudu a dawo, da kaya a baya. Na ce bari in samu Baba mu biyu in roƙe shi ya faɗa da kansa. Sau biyu ina tunkararsa, sau biyu gaisuwa kawai take fitowa. Da la'asar Modu ya same ni a gindin goruba, ya rage murya, abin da bai saba ba.

"Kai, tsohon nan lafiya yake kuwa? Fuskarsa fa ta cika."

Na ce, "Gajiya ce."

Ya ce, "Kai ne mai duba shi, kai ka sani."

Washegari da asuba na durƙusa, na kalli yashi, na miƙe. Saje ya zo daidai kanmu, littafinsa a hannu, yana jira. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya roƙe ni, Baba ko tari bai yi ba. Ina sane da abin da ke ƙarƙashin wandon nan na buɗe baki na ce, "Lafiya lau, Saje." Haka na sake faɗa a safiyar kwana na bakwai, ranar tafiya. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Ba tsoron Baba nake ji ba. Kunya ce, kuma a ranar na fifita ta a kan ransa. Ina jin zafin abin har yau.

Mun tashi da sassafe, layi ɗaya, kowa yana taka sawun na gabansa. Baba ne a gabana. Ina ganin yadda yake jan ƙafar hagu, sawunsa ba ya fita sosai, sai dogon layi a yashi. Mun kai tudun, aka huta, aka sha ruwa. Saje ya zagaya yana tambayar kowa, Baba ya ɗaga masa hannu alamar ba komai. A hanyar dawowa rana ta take. Wajen rabin hanya Baba ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya yi amai, ya sake takawa kamar taku biyar, sannan ya kife. Motar da ke bin mu ta tsaya can baya a kan turba saboda yashi ya yi mata yawa. Saje ya daka tsawa a kawo shi, kuma dokar ita ce abokinka kai za ka ɗauka. Na durƙusa, na ja hannunsa na ɗora a wuyana, na cusa kafaɗata a cikinsa, na riƙe cinyarsa na miƙe, daidai yadda aka koya mana. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jikinsa ba sai ranar. Ya yi nauyi ƙwarai, ruwa ne ya cika shi. Ina tafiya takalminsa ɗaya ya zame ya faɗi, kowa ya ga ƙafar.

A bakin mota Saje ya danna ƙwaurin da yatsa, wurin ya lotsa ya zauna. Ya dube ni ya daɗe. Na yi zaton zai mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce:

"Na tambaye ka fa. Kullum ina tambayarka."

Bai ƙara ba, kuma bai kai ƙarata wurin kowa ba. Ya sa aka tuƙa mu Nguru, ya ce ni ma in bi, horona ya ƙare.

A asibiti likitan ya kira ni gefe, tunda ni ne namijin da ke wurin. Ya ce ciwon ya daɗe, ba horon ne ya kawo shi ba. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa amma ɗan abin da ya rage na ƙodar, tafiyar nan cikin rana ce ta ƙarasa shi; da an kawo shi ko da kwana biyu kafin nan, a kwantar da shi, a fara magani, da ana sa ran zai ja lokaci. Ya tambaye ni ko ba wanda ya lura. Na ce masa mutum ne mai ɓoye ciwo.

Baba ya yi kwana goma sha tara a gadon. An yi masa wankin ƙoda, ya farfaɗo, ya sake komawa. Mahaifiyarku ta zo daga Gashua da goyon autarmu, tana kwana wurinsa, ni kuma ina zaune a baranda, in an buƙaci magani in je in karɓo. Wata ranar Laraba da hantsi ta fita wanke kwanuka, sai wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce tsohon yana kira. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa na shiga na durƙusa a gefen gado. Muryarsa ta dushe, sai da na matsa.

"Ɗan Katuzu."

"Na'am, Baba."

"Ranar nan a bayan tanka, ka gani ko?"

"Na gani, Baba."

Ya yi numfashi ya ce, "Tun a gida na san da kumburin. Na ji labarin duban ƙafar nan wurin waɗanda suka riga mu zuwa. Da gangan na tsaya kusa da kai a layi. Na san kai kaɗai ne ba za ka tona ni ba."

Ya lalubo kaina da hannu, ya dafa.

"Ka rufa mini asiri. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, domin ba a ƙin amsa albarka. Amma ban taɓa karɓar abin da ya yi mini ciwo kamarta ba. Ya san halina sarai, ya auna kunyata yadda yake auna bututu, ya ga za ta ɗauki nauyin, kuma ta ɗauka. Na ji haushinsa a ranar, Allah ya gafarta mini, yana kwance yana mutuwa ina jin haushinsa. Ya rasu ranar Asabar, aka binne shi a Nguru.

Daga baya an sake tura ni horon, na gama, na bi rakiya shekaru ina gyaran rijiyoyinsa har Jakusko da gaba. A zagaye na biyu wani saurayi aka haɗa ni da shi, kullum sai na murza masa ƙafa har ya ce Malam ai ka wuce abin da aka ce. Bai amfani kowa ba, lafiyarsa ƙalau.

Bari in koma baya. Bayan sadakar bakwai ta Baba muka koma Gashua. Da azahar ce, gidan ya yi shiru, baƙi sun watse. Mahaifiyarku ta kawo mini abinci ta ajiye, amma ba ta tashi ba. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen zaninta. Modu ya riga ya ba mata labarin yadda ake duban ƙafa kowace safiya.

Ta ce, "Malam, in tambaye ka. Duk kwanakin nan ba ka ga komai ba?"

Na buɗe kwanon, na rufe. Na ce, "Kin san ba na iya kallon Baba."

Ta gyaɗa kai, hawaye suna zubo mata. Ta ce, "Na sani. Ni ce da laifi, da na ɗora maka abin da ba za ka iya ba. Da na je na same shi da kaina."

Ta ɗauki laifin ta aza a kanta a gabana, ni kuma na bar mata shi. Ta tura mini kwanon ta ce in ci kada ya huce, na ci. Shekara tara ta ƙara a duniya, kuma duk lokacin da aka ambaci Baba sai ta ce da ta sani da ta je da kanta. Sau nawa ina zaune kusa da ita tana faɗa, ban taɓa cewa a'a, Falmata, na gani. Da laifin nan a kanta aka kai ta kabari.